Amsa: Zafin ƙafar Inna mai ciwon suga

'Yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Zugin tafin ƙafar da kika ce yana hana ta barci, suga ne ya taɓa jijiyoyi, shi ya sa Panadol bai yi komai ba. Diclofenac na kemis kuwa, don Allah ku daina, yana cutar da ƙoda.

Ku kai ta asibitin Ringim. Likita kan fara da maganin zugin jijiya, wato amitriptyline kaɗan da dare, ko pregabalin. Na farkon ya fi araha, amma yana sa tsofaffi jiri, sai ku riƙa riƙe ta in za ta alwalar asuba. Sauƙi kan ɗauki makonni, kada ta yanke shan maganin farat ɗaya. Kullum ku duba tsakanin yatsun ƙafarta, ƙaya na iya shiga ba ta ji ba.