Amsa: tudun da ke fitowa a garaf bayan an kashe famfo

Malam, a gwajin da ake tura ruwa cikin rijiyar gas a tsaga dutse sannan a kashe famfo, ka ce layin ya yi tudu kafin ya miƙe a garaf ɗin G na Nolte (wanda ake duba yadda firesha ke sauka da shi), to yawanci ƙananan tsagogin da ke jikin dutsen ne suka buɗe suna shanye ruwa da sauri lokacin da firesha ke sama, da ta sauko sai su rufe layin ya koma daidai. Kar ka ɗauka ƙarshen tudun nan ne rufewar babbar tsagar da ruwan ya yi fa, ita sai inda layin ya karkato ƙasa bayan ya miƙe. Kuma rijiyar gas mai matsattsen dutse haƙuri take so wallahi, wani lokacin sai an kwana biyu ana jira, in kuka cire gejin auna firesha da wuri lissafin yadda gas ke ratsa dutsen ya tashi a banza kenan.