Amsa: Shin dole ne a gaggauta binne gawarwaki don gudun annoba?

Malam, ka tambaya ko gaggawar binne mutane a rami guda bayan babban bala'i ita ce mafita, don kada cuta ta ɓarke. Gaskiya wannan tsoron ya fi ƙarfin haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya da Red Cross sun sha bayyana cewa gawar wanda gobara, ambaliya ko hatsari ya kashe ba ta haddasa annoba. Inda ake taka-tsantsan sosai shi ne mutuwar kwalara, Ebola ko zazzaɓin Lassa.

Abin da ya fi damuna shi ne a binne mutum ba a san ko wane ne ba. Ka tuna Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, da tankar mai ta kashe mutum fiye da 150, wasu sun ƙone har ba a iya gane su. Allah Ya jiƙan su.

Shi ya sa tun kafin abu ya faru ya kamata SEMA (hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha) da ƙaramar hukuma su ware filin binnewa, su tanadi likkafani da jakunkunan gawa, su san asibitin da ke da ɗakin sanyi. A zafin ƙasarmu, cikin kwana biyu fuska ta canza. Sai a ba kowace gawa lamba, a ɗauki hotonta, a rubuta tufafinta, tabo ko zobe, a binne su a jere gefe da gefe, nesa da rijiyoyi da aƙalla mita 200, a rubuta inda kowa yake.

Haɗa mutane a kabari ɗaya don lalura ya halatta, an yi haka a Uhudu. Amma a sa limamai da masu unguwa cikin shirin tun farko, domin wajensu iyalai ke fara zuwa cigiya.