Mayafin Kwarashi Mai Duwatsu Ya Nannaɗe, Ko In Kai Shi Guga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ina zaune a Jidda. Wata biyu ke nan ina saƙa mayafi da kwarashi, mai huda-huda irin na leshi, na jera masa ƙananan duwatsu a gefe, don in yafa a bikin ƙanwata nan da mako biyu. Da na gama sai ya fito a takure, bakinsa ya nannaɗe, adon ma ba ya fitowa. Maƙwabciyata ta ce in kai shi magasala, wato shagon wanki da guga, a sa masa sitati a goge da zafi. Hankalina ya tashi, Hajiya. Na ɓata aikin ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki, ba ki ɓata komai ba. Duk saƙar leshi haka take sauka daga kwarashi, a cukurkuɗe kamar ragar masunci da aka tsamo daga ruwa. Ramukan ba sa buɗewa sai an jiƙa an shimfiɗa. Mako biyu ya ishe ki har da saura.

Amma don Allah kada mayafin nan ya je magasala. Wannan magana ta guga ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta, daga Jidda har Makka, kuma masu faɗarta yawancinsu ba su taɓa riƙe kwarashi ba. Sun ɗauka saƙa irin shadda ce ko atamfa, wadda zafi da nauyi ke kwantar da ita. Saƙar kwarashi madaukai ce, wani a cikin wani, kyawunta yana cikin tudun da kowane madauki ya yi. In dutsen guga ya hau, ya murƙushe tudun nan, ba ya kuma tashi.

Ki duba alamar guga a jikin kowace riga: ɗigo ɗaya digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Mai guga da ya ga farin zare zai ɗauka auduga ce, ya murɗa zuwa uku. To mafi yawan abin da muke kira ulu, wanda mai shago zai ce miki suf ne (ulu da Larabci), akirilik ne, wato dangin roba. Tururin ruwa kaɗai, digiri 100, yana sauya shi. A 200 kuwa sai ya saki, ya yi sheƙi, ya zama lagwani, kuma babu wankin da zai mayar da shi. Wata baiwar Allah daga Makka ta kawo mini nata bara, aikin wata huɗu, da shatin dutsen guga a tsakiyarsa, tana tambaya ko zan iya gyarawa. Wallahi na ji zafin abin har raina, domin ba ni da abin da zan yi mata.

Ko da zarenki auduga ce tsantsa, wadda ke jure zafi, duwatsun fa? Na roba narkewa suke yi su manne da zaren. Na gilashi suna fashewa a ƙarƙashin nauyi, kaifinsu ya yanke zaren, kuma a saƙar leshi zare ɗaya in ya tsinke rami ne zai yi ta faɗaɗa. Masu fenti a baya kuma fentin ya ɓare ya bar tabo. Sitati shi ma ba na mayafi ba ne. Ana sa shi ga abin shimfiɗa a tebur don ya tsaya ƙyam, mayafi kuwa so ake ya zubo a kafaɗa. Har na ga masu bidiyo a TikTok suna cewa a jiƙa da ruwan sukari. A laimar Jidda? Danƙo zai yi, tururuwa da kyankyasai su same shi a cikin durowa. Masu yaɗa irin wannan ba su san yawan daren da mace ta raya a kan aikinta ba, shi ya sa suke faɗar abin da ya zo bakinsu.

Ga abin da za ki yi. Fara da sanin zarenki. In takardarsa ta ɓata, yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana a kan faranti. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske da siliki suna warin ƙonannen gashi. Akirilik narkewa yake ya dunƙule baƙi da tauri. Sannan ki jiƙa ragowar duwatsunki a ruwan sabulu mai ɗumi, ki murza su a farin ƙyalle. In launi ya fita, to da ruwan sanyi kaɗai za ki yi aiki, kuma kada ya daɗe a ciki.

In auduga ce ko ulu ko siliki, ki jiƙa mayafin minti 20 da ɗigon sabulu mai laushi, ban da bilic irin su Clorox ko kaɗan, domin yana cin ulu da siliki. Ki tallabo shi da hannu biyu daga ƙasa, kada ki ɗago ta gefe ɗaya. Duwatsu suna da nauyin da mutane ba sa lissafawa: masu lambar girma 6/0 kusan 12 ne a giram ɗaya, wato guda 1,000 sun haura giram 80, ga kuma nauyin ruwa. Kada ki murɗe. Naɗe shi a tawul ki danna. Sai ki shimfiɗa a kan katifa, ki fara daidaita dogon gefen sama, ki kafe da fil, sannan ki ja kowane tsini na bakin a hankali ki kafe shi, kina gwada dama da hagu da tef. Fil ɗin ya zama wanda ba ya tsatsa, don tsatsa a farin zare ba ta fita da sauƙi. Ki bar shi a ɗaki mai AC ko fanka har ya bushe ƙarau, kwana ɗaya ko biyu, kafin ki zare fil ko ɗaya.

In akirilik ne, jiƙawa kaɗai ba ta riƙe shi sosai. Kafe shi da fil a bushe, ki ba shi tururin dutsen guga daga nesa kamar taƙi guda, ƙarfen bai taɓa zaren ba, ki kauce wa wurin duwatsu in na roba ne. Ki fara gwadawa a ɗan guntun da kika saƙa da ragowar zaren, domin abin da tururi ya yi wa akirilik ya zauna ke nan.

Saura ranar biki. Na san mu da turaren wuta da humra. Kada ki ɗora mayafin akirilik a kan kabbasa da garwashi a ƙasa, yana kamawa da wuta kuma yana narkewa. Turaren fesawa yana dusashe fentin duwatsu, humra kuma mai ce, tana barin tabo, don haka ki shafa a jikinki ya sha iska kafin ki yafa. In za ki ɗauki jariri a wurin taron, ki cire mayafin tukuna, don yaro yana iya tsinko dutse ya kai baki. Bayan biki ki ninke shi a cikin farin ƙyallen auduga ki kwantar a durowa, kada ki rataye, nauyin duwatsun zai ja shi ya tsawaita. Allah ya sanya alheri a auren ƙanwarki.