Kakanmu ne ya sari garin: shin duk ƙasar tamu ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Abin da muka ji daga dattawa shi ne kakanmu ne ya fara sare dajin da ya zama garinmu, ya haƙa rijiya, ya kafa gida. Daga baya wasu suka zo aka ba su wurin zama da na noma. Yanzu gari ya bunƙasa, fili ya yi daraja, sai wasu 'yan gidanmu ke cewa ƙasar duka gadonmu ce, jikokin waɗancan baƙi aro aka ba su. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi ihya'ul mawat, wato raya ƙasar da ba ta da mai ita. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya raya ƙasar da ba ta kowa ba, shi ya fi cancanta da ita. Urwa ya ce da haka Umar ya yi hukunci a halifancinsa. Saboda haka kakanku yana da haƙƙi tabbatacce, kuma ana gadonsa.

Sai dai haƙƙin yana tsayawa inda aikin hannunsa ya tsaya. Malikiyya sun bayyana abin da ke zama rayawa: fitar da ruwa, gini, dasa itatuwa, noma, sare daji, fasa duwatsu da baje ƙasa. Suka ce kewaye wuri da shinge kawai, ko kiwo a cikinsa, ba ya mallakar da shi. To ina ga wanda ya tsaya ya nuna da yatsa ya ce daga nan har tsaunin can nasa ne? Annabi ya yanka wa Bilal ɗan Haris Almuzani fili a kwarin Aƙiƙ da ke kusa da Madina, amma Umar ya karɓe abin da ya kasa rayawa ya raba wa Musulmi. Wurin kiwo da wurin yin itace da ke gefen gari kuwa harimin gari ne, na amfanin mazaunansa duka.

Game da waɗanda suka zo daga baya, a duba yadda suka shiga. Idan daji aka nuna musu suka sare da gatarinsu, su ma sun raya, gonar tasu ce, kamar yadda ta kakanku ta zama tasa. Imam Malik ya sharɗanta izinin shugaba a filin da ke kusa da gari, kuma tambayarka da kanta ta nuna an ba su izinin. Idan gonar da aka riga aka gyara ce aka ba su kyauta suka karɓa, ta fita daga gadonku. Idan kuma ya tabbata aro ne, to aro ba ya komawa mallaka ko da an shekara 100, kuma wajibi ne mai riƙe da shi ya ji tsoron Allah ya amsa gaskiya.

Wahalar tana wajen tabbatarwa. Mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma ku ne masu da'awa, tunda ƙasar tana hannunsu. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda ya riƙe gida shekara 10 ana jingina masa shi, mai shi yana nan, ya sani, bai yi magana ba, ba a sauraron da'awar mai shi na asali bayan haka. Tsakanin dangi da surukai ne ba a wadatuwa da wannan tsawon. Ku kuma kuna maganar iyaye da kakanni da suka ga ana gini ana dasa itace suka yi shiru. Labarin "mun ji daga dattawa" yana da matsayinsa, domin Malikiyya suna karɓar shaidar ji idan ta yaɗu a bakin amintattu da waninsu. Amma ana ƙarfafa hannun mai riƙe da abu ne da ita, ba a ƙwace abu daga hannunsa da ita. Ga shi kuma irin wannan labari yakan tashi ne daidai lokacin da fili ya yi tsada, wannan kaɗai ya isa a yi masa taka-tsantsan.

Ku rubuta tarihin garinku, ku ambaci kakanku da alheri, ku yi masa addu'a, babu laifi. Abin da ba ya halatta shi ne mayar da tarihin sandar gori. Muslim ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasaba suna cikin al'amuran jahiliyya huɗu da suka saura a wannan al'umma. Kiran mutumin da aka haifi kakansa a garin "baƙo" don a wulaƙanta shi yana shiga nan.

Idan akwai wata gona takamaimai da kuke da shaidu ko takarda cewa aro ce, ku kai wa alƙali ko hukumar da ke kula da filaye a wurinku, a saurari ɓangarorin biyu. Kafin a yanke hukunci bai halatta ku sayar da ita ko ku hana su nomanta ba. Wallahu a'alam.