Kada Ka Mayar da Matarka 'Yar Katsina Saboda Biza

Wani ɗan Damagaram da ke aiki a Liyon ta ƙasar Faransa ya rubuto cewa shekara biyu da aurensa, amarya na gida. Kawunsa ya samo wani dillali a Kano da ya ce zai yi mata fasfo ɗin Najeriya, ta nemi biza a Abuja a matsayin 'yar Katsina. Dangi sun ce in bai biya ba, ba ya son yarinyar.

Ɗan'uwa, kada ka biya ko dala.

Rigimar bizar nan ta gwamnatocin Faransa da Nijar ce. Tun da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Faransa ta ƙi amincewa da Janar Tiani, ta tsayar da taimako da biza, ta kwashe sojojinta a Disamba, ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Dabarar ita ce a matsa wa masu mulki, amma talaka ne ya sha matsin. Duk da haka, dokar haɗa iyali ba ta mutu ba. In ka wuce wata 18 da katin zama, kana da albashi da ɗakin da ya isa, kai takardunka OFII, wato hukumar kula da shigowar baƙi ta Faransa, ka kuma tambaye su a rubuce ofishin jakadancin da matarka za ta je. In an hana ta biza, akwai hukumar ɗaukaka ƙara a birnin Nant na Faransa.

Hanyar dillalin kuwa rami ce. Takardar aurenku ta ce Damagaram, fasfo zai ce Katsina. Za a ɗauki hoton yatsunta, ya zauna a rumbun bizar Turai shekara 5. Na ga wanda ya bi wannan hanya: aka hana matar, aka kira shi kansa ya yi bayanin ko wace ce ya aura, katin zamansa ya shiga garari. Dillalin ya kashe wayarsa.

Shi kawu, ka girmama shi, amma ba shi zai tsaya gaban ma'aikacin biza ba, ba kuma guminsa za a zuba ba. Masu cewa ba ka son ta, wa a cikinsu ya taɓa tambayarka nawa kake biyan haya? Kira surukinka da kanka, ka tura masa hoton rasidin OFII da zarar ka karɓa. Kuɗin dillalin ka raba biyu: rabi na cefanenta, rabi ka ajiye na tikiti.