Amsa: Yaushe aka fara fafutukar 'yancin masu neman jinsi ɗaya a Turkiyya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko a ƙasar Musulmi an taɓa kafa ƙungiyoyin masu neman jinsi ɗaya a fili. An yi, kuma Turkiyya ce misali mafi sauƙin bibiya.

Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne dokar ƙasar ba ta ɗauki mu'amalar jinsi ɗaya laifi ba. Matsalarsu 'yan sanda ce, musamman bayan juyin mulkin soja na 1980, lokacin da kame da duka suka yi yawa a unguwar Beyoğlu ta Istanbul. A 1987 wasu 'yan luwaɗi da masu sauya jinsi suka shiga yajin cin abinci a lambun Gezi da ke kusa da dandalin Taksim, don nuna rashin amincewa da wannan cin zarafi.

A 1993 aka shirya taron masu neman jinsi ɗaya a Istanbul, gwamnan birnin ya hana, har aka kori baƙin da suka zo daga ƙetare. Waɗanda suka shirya taron ne suka kafa ƙungiyar Lambdaistanbul. A 1994 kuma ƙungiyar Kaos GL ta fito a Ankara, ta fara da mujalla. A ganina mujallar ta fi komai tasiri a lokacin, domin tana isa hannun mutanen da ba za su taɓa halartar taro ba.

Tattakinsu na farko a titin İstiklal na Istanbul an yi shi a 2003, da mutane 'yan tsiraru. Daga baya ya kai dubbai, sai hukumomi suka fara hana shi tun 2015.