Likita Na Amsawa: Ruwan Sanyi, Sirom Da Zubar Jini

Tambaya (wata uwargida, Tawa): Likita, maigidana zai ba ƙanensa jini. Nawa ake ɗiba? Ba zai raunana ba?

Amsa: Leda guda ce, Hajiya, wajen mililita 450 daga cikin kusan lita 5 da ke jikin babba. Ya ci abinci tukuna, ya sha ruwa sosai, ya bar aikin ƙarfi a ranar.

Tambaya (ɗan kabu-kabu, hanyar Ƙwanni): Wani ɗalibi ya ce mana a fada an gwada a kan dabbobi, an ga sanyaya jiki na ceton wanda jininsa ya zuba. Ashe daidai muke yi da muke kwarara wa wanda ya yi hatsari ruwan sanyi?

Amsa: A'a, Malam, don Allah ku daina. Ɗalibin bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya kawo muku.

A Pitsbag ta Amurka, Peter Safar da Samuel Tisherman sun yi shekaru suna wannan gwaji a kan karnuka, wasu kuma suka yi a kan aladu. Ana sa wa dabbar maganin barci, a zubar da jininta har zuciya ta tsaya. Nan take sai a zura tiyo cikin babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, a tura ruwan gishiri mai tsananin sanyi har zafin jiki ya sauko wajen digiri 10, alhali na lafiyayyen mutum 37 ne. Ƙwaƙwalwar da ba ta jure rashin jini fiye da minti 5 sai ta kai awa guda, domin sanyi ya rage mata buƙatar iska. A cikin wannan tazara ake ɗinke inda ya yage. Daga nan injin da ke aikin zuciya da huhu zai mayar da jini, yana ɗumama jikin sannu a hankali. Dabbobi da yawa sun farka lafiya. A 2019 aka bayyana cewa an fara gwada dabarar a kan mutane a Baltimo ta Amurka, su ma waɗanda zuciyarsu ta riga ta tsaya bayan harbi ko sukar wuƙa.

To a bakin hanya ina injin, ina mai fiɗa? Wanda ke kwance gabanka zuciyarsa na bugawa, abin da yake buƙata shi ne jininsa ya daskare ya toshe raunin. Da zarar zafin jiki ya yi ƙasa da digiri 35, daskarewar jini ta fara lalacewa. Makyarkyata kuma tana cinye ƴar iskar da ta rage, tsami ya taru a jini, zubar ta ƙaru. Ko a tsakiyar bazara wanda ya rasa jini jikinsa na yin sanyi, balle daren hunturu.

Abin yi: wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, in a Nijar ne. Kai kuma ka ninke tsumma mai tsabta ko rawani, ka danna raunin da hannu biyu, da nauyin jikinka, minti 10 ba ɗagawa don leƙe. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. In hannu ne ko ƙafa kuma jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, ɗaure da ƙyalle mai faɗi, yatsu uku sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, ka murɗa da sanda har ya tsaya. Rubuta lokacin, kada ka kwance. Ban da waya, ban da igiya siririya. Shimfiɗa masa tabarma, ka lulluɓe shi. Zai roƙi ruwa, kada a ba shi, mai yiwuwa fiɗa za a yi masa.

Ƙasa, toka, garin taba, fetur, ruwan batir: wallahi abin na ɓata mini rai. Ba ɗaya da ke tsayar da jijiyar da ta tsinke, sai dai ƙuna, ruɓa da tetanos. Ku kai shi asibiti, ku kai shi da wuri.

Tambaya (wani malamin makaranta, Illela): An soki ɗan'uwana a ciki, amma sirom (ruwan da ake ƙara wa mutum ta jijiya) kaɗan aka sa masa kafin fiɗa. Ba sakaci ba ne?

Amsa: Sau da yawa da gangan ne. Sirom ba jini ba ne: ba ya ɗaukar iska, yana tsinka abubuwan da ke daskarar da jini, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke zama a jijiya. In aka tura da yawa kafin a toshe raunin, ƙarfin gudun jini zai tashi ya ɓalle gudan da ya fara toshewa. An ga haka a gwajin dabbobi. A wani bincike kuma na Hustan ta Amurka da aka wallafa a 1994, an bi mutum 598 da aka harba ko aka soka a ƙirji da ciki: kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka jinkirta wa sirom sun rayu, a rukunin da aka sa wa nan take kuma kashi 62. Mai rauni a kai lissafinsa dabam ne. Abin da ke maye gurbin jini jini ne, don haka dangi su zo da shirin bayarwa. Akwai kuma allurar taranekzamik mai rage zuba, amma sai an yi ta cikin awa 3 na farko. Kada a tsaya yawon neman mai sa sirom a gida.

Tambaya (wata budurwa, Keita): Bisap (zoɓo) na ƙara jini?

Amsa: Jan launinsa ne ke ruɗin mutane. Ki ci hanta, nama, wake da zogale, ki je a auna jininki.

Tambaya (wata kaka, Madawa): Jini nawa ne ya yi yawa bayan haihuwa?

Amsa: Rabin lita ya kai haɗari, Inna. In zane na jiƙewa sharkaf, ko gudaji na fita, ko tana jiri, idonta ya yi fari, a murza mata mara da ƙarfi har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, a lulluɓe ta, a nemi mota. Ba wankan jego, ba jiƙo, ba jiran gari ya waye. A kai ta asibiti a daren.